Watandar Kwamfutar Malam Haladu

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta ba. A gidan suna a tare ni, a islamiyya a tare ni, har mai kawo mini nono sai da ta sauke ƙwarya ta ce, "Hajiya, wai da gaske akwatin aljanu kika kai Nijar?" Na gaji da maimaitawa, kuma duk lokacin da na maimaita sai raina ya sake ɓaci sabo fil. To ga shi a rubuce, kowa ya karanta ya bar ni in sha iska.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Asabe ta Makarfi, wadda ta yi aikin tafireta har ta yi ritaya. Tun da na bar aiki nake tara tsofaffin kwamfutoci irin na da, ina rige-rige da 'yan jari-bola, su da ba abin da suke gani a jikinsu sai jan ƙarfe. Duk wadda na samu in share ta, in kunna, in ɗauki hoton yadda take tashi, in naɗi tarihinta daga bakin masu ita. 'Yan unguwa suna ce mini Hajiya Bola a bayan idona. Ina ji, ko a jikina.

Amma akwai guda ɗaya da ta fi tsaya mini a rai, ita ce ta marigayi Malam Haladu na Likoro, aminin mahaifina. Daga aikin hajji ya zo da ita, tun ina budurwa, ina sabuwar gama koyon buga tafireta a Zariya. 'Yar shimfiɗaɗɗiya ce mai haruffan Larabci, ana jona ta da talabijin, da wani ƙaramin akwati a gefe inda ake zura mata faifai. Irin waɗannan ba sa zuwa da hankalinsu a ciki. Sai an saka musu faifan farko, wanda muke kira faifan tashi, 'yan boko kuma su ce babbar manhaja, sannan su san inda suke. Shi kuwa faifan tashin Malam ba irin na kowa ba ne. Larabci ba shi da wasu haruffan da muke rubuta Hausa da su a ajami, sai Malam da wani abokinsa malamin jami'a suka zauna suka zana su ɗigo-ɗigo, suka ɗora a cikin faifan. A kansa na buga wa Malam waƙoƙinsa na wa'azi, yana faɗa ina bugawa. Na tambayi masu tara irin waɗannan kaya har na ƙasashen waje ta waya, babu wanda ya taɓa jin mai kama da shi. Abin da na fita nema ke nan: in ga ta tashi sau ɗaya, in kwafi faifan nan kafin ya mutu.

Da na je Likoro tambaya sai na tarar da abin da ko a mafarki ban zata ba. Ashe da Malam ya rasu, kowa cikin 'ya'yansa ya kafe shi zai riƙe ta don tabarruki. Liman ya ce a yi mata kima a bar wa mutum ɗaya, suka ƙi. Ƙarshenta aka yi watanda da ita kamar saniyar jajibirin salla. Babban ɗa, Alhaji Sabi'u na Paki, ya ɗauki gangar jikin. Ƙaninsa Malam Tukur na Hunkuyi ya ɗauki akwatin zura faifai da wayoyi. Autarsu Kulu, wadda ke aure a Damagaram, aka ce mace ce, rabonta ƙarami, aka miƙa mata kwalin faifai. Jama'a, a gidan malamai fa! Wanda aka ba kan allura da wanda aka ba gindinta, wanne ne zai yi ɗinki?

Na samo lambar Kulu na kira ta. Ta yi murna har da guɗa, don ni na goye ta tana jaririya. Na ce, "Kulu, faya-fayan Malam suna nan?"

Ta ce, "Yaya, suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Na adana su adanawar da ko Baba bai yi musu ba."

Na ce ta aiko mini, ta ce ita gadon ubanta ba ya shiga motar haya shi kaɗai. Ban ga laifinta ba. Na ce to ni zan zo da injin har ɗakinta.

Na fara da Paki. Damina ce, hanya duk taɓo, ɗan acaɓan da ya ɗauke ni daga bakin titi kuwa kamar yana gudun bashi da ni a baya. Alhaji Sabi'u ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa, ya tambayi mutanen Makarfi ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda shi ya yi musu salla. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai fuskarsa ta canja.

Ya ce, "Hajiya, an ce Turawa kuke sayar wa."

Na ce, "Alhaji, da sayarwa nake yi da ba a kan acaɓa na zo maka ba."

Ya sauko da ita daga saman kabad, a naɗe cikin buzun Malam, tana ƙamshin turaren wuta. Ya ce sai in ina da alwala zan taɓa. Na yi alwala, ba gardama. Da na warware buzun sai ga gidan zanzaro ɗoɗar a bayanta, daidai inda ake jona waya, ga kashin kyankyaso tsakanin haruffa. Wato ni sai da alwala, zanzaro kuwa ya yi gini har ya aurar da 'ya'ya ba a tambaye shi tsarki ba. Na haɗiye maganar saboda aro na zo. Ya ba ni da sharaɗi guda: kada hannun Tukur ya taɓa ta. Tun ranar rabo ba sa ga-maciji.

A Hunkuyi na sami Malam Tukur a rumfarsa ta hatsi ranar kasuwa, ana ta hayaniyar awo. Shi bai tambaye ni alwala ba. Dariya ya yi ya ce, "Au, wannan ƙarfen? Hajiya, ai ga shi nan kina kallonsa." Na duba ban gani ba. Ashe bencin da ya ba ni na zauna ƙafarsa ɗaya gajeriya ce, da akwatin aka tokare ta. Ni da kaina na zauna a kan abin da na zo nema! Na miƙe zumbur kamar na zauna kan kunama. Mutumin da ya yanke zumunci da yayansa saboda tabarruki, ga inda ya ajiye tabarrukin. Wayoyin kuwa sai da muka shiga gida, ɗaya ana shanya a kanta, ɗaya an ɗaure tunkiya da ita.

Ya ce, "Ki tafi da su, amma kada ki haɗa min kaya da na Sabi'u."

Na ce, "Malam, ubanku ne ya haɗa su, ba ni ba."

Na koma gida na yi kwana da kwanaki ina sharewa da buroshin haƙori da audugar kunne. Ban yarda na kunna ba. Na ce tashinta na farko sai a gaban faifanta. Na naɗe komai da zannuwa, na haɗa da 'yar talabijin ɗina ta da, na zuba a bakko, na sayi mazarƙwaila da rake tsarabar Kulu, na kama hanyar Kano.

A tashar Kano na biya wa jakar kujera guda kamar mutum, don kada a jefa ta but. Direba ya amsa da fara'a, "An gama, Mama." Muna fita gari ya tsaya ya ɗauki wani ƙaton mutum mai sayar da fatu, ya ce a ɗan matsa. Na ce kujerar nan tana da mai ita. Ya ce, "Haba Mama, jaka ai ba ta numfashi." Haka mutumin nan ya maƙale, ya mai da jakata matashi, duk ramin da muka faɗa tsakanin Kazaure da Daura sai na ji gwiwar hannunsa a cikin haƙarƙarina. Na ture, ya mayar, na ture, ya mayar. Da na gaji na ɗauko jakar na rungume a cinya har ƙafafuna suka mutu. Mazarƙwailar da ke but kuwa zafi ya narkar da ita ta bi kayan wata amarya, aka yi ta ba ni haƙuri a madadin in ba da.

A Kwangwalam, bakin iyaka, aka ce kowa ya sauka da kayansa. Wani matashi mai kaki ya sa na kwance jakar a ƙasa. Ya kalli kayan, ya kalle ni.

Ya ce, "Mama, wannan mene ne? Fiyano?"

Na ce, "Kwamfuta ce, ɗana. Ta girme ka."

Ya kira abokan aikinsa su zo su ga abin dariya. Sannan ya ɗaga ta ya kifa, ya kai kunne ya girgiza kamar mai gwada ƙwai. Na yi ihu, amma ina! Maɓallin harafi ɗaya ya ɓalle ya faɗa cikin rairayi. Na ce wallahi motar nan ba ta tashi sai an gan shi. Direba ya yi ta hon, fasinjoji suna tsaki, mai fatu yana cewa a ba ni maɓallin riga in liƙa. Na cire mayafi na ɗaura ɗamara na durƙusa ina tankaɗe ƙasa da yatsu. Amaryar nan da na ɓata wa kaya ce kaɗai ta durƙusa ta taya ni, ita ce ma ta gano shi. Allah Ya ba ta zaman lafiya a ɗakinta.

Ɗaya gefen iyakar kuma, na Nijar, wani salon ne. Su jandarmominsu ba sa tasowa, suna zaune a inuwa suna dafa shayi, kai ne za ka taka ka je ka miƙa katin shaida, wanda suke kira kardante. Ba ihu, ba dariya, kuma ba sauri. Babbansu ya duba kayana da kan sanda, ya ce, "Hajiya, ki jira." Na jira har aka sha shayi na farko, aka sha na biyu, aka ɗora na uku. A gidanmu in za a wulaƙanta ka da hayaniya ake yi, ka rama ka huce. A can cikin ladabi ake shanya ka, ka rasa wanda za ka yi wa faɗa. Da ya ga dama ya ɗaga hannu, ko tambaya ɗaya bai yi mini ba.

Kafin mu kai Matamaye motar ta fara tari, muna shiga gari ta mutu. Aka ce sai gobe. Wata mai tuwo a bakin tasha, Hajiya Mariyama, ta ga na rungume jaka ina zare ido, ta ce in zo ɗakinta in kwana. Ba ta san ni ba, ba ta tambayi ko 'yar wace ce ni ba. Ta ba ni tuwon gero da miyar kuka mai yaji har kunne, da safe kuma dambun zogale da wani dogon burodi mai tauri kamar sandar makiyayi. Mutanen can a hammata suke saƙalo shi daga kasuwa, ba leda ba takarda, kuma su ci su ƙoshi lafiya lau. Na gutsura ɗaya na tuna haƙoran nan ba su da magaji, na tsoma a shayi. Furarsu kuwa, in faɗi gaskiya ko da mutanen Makarfi za su ji haushi, ta fi tamu. Hajiya Mariyama ta ga ina ta leƙa jaka, ta ce, "Ke kuwa jinjiri ne a ciki?" Na ba ta labari. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ku mutanen Najeriya komai sai kun raba. Mu nan da rigima ta yi yawa sai a ba masallaci kowa ya huta."

Mun shiga Damagaram da rana tsaka, gari tsit, shaguna a rufe. Wai lokacin hutun rana ne, kowa ya tafi ya kwanta, har masu gyaran waya. A Hunkuyi ka rufe rumfa da azahar ka tafi barci, ai sai a zo gaishe ka da jiki.

Kulu ta tarbe ni da gudu ta rungume ni tana kuka. Ta zama babbar mace, kamanninta sak na Malam. Aka yanka kaza, aka kawo kilishi, maƙwabta suka yi ta shigowa ganin yayarta ta Najeriya. Ni kuwa hankalina yana kan faya-fayan. Da aka yi la'asar na ce, "Kulu, don Allah."

Ta shiga ƙuryar ɗaki ta fito da wata kwalla mai murfi, ta buɗe. Ga su nan a jere, tsaf, ko ƙura babu, kowanne da 'yar takardarsa da rubutun hannun Malam. Na bi su har na kai kan wanda ya rubuta wa "na tashi" da jan tawada. Na sumbace shi. Duk gwiwar mai fatu da rairayin Kwangwalam na yafe a lokacin.

Sai na ji ba nauyi. Dama ba su da wani nauyi, amma wanda ya shekara yana riƙe abu ya san shi. Na duba gefensa na ga an ɓanɓare an mayar. Shi faifan nan ɓawo ne na roba, a cikinsa akwai wata baƙar leda zagayayya, siririya, ita ce ke ɗauke da komai. Na ja ɗan ƙarfen bakinsa na leƙa. Wayam. Na ɗauki na biyu, wayam. Na uku haka.

Na ce, "Kulu, ina cikinsu?"

Ta yi murmushi, irin na wadda za a yaba wa. Ta ce, "Baƙar takardar? Ai ita ce mai ayoyin, Yaya. Na ce ba zan bar sunan Allah da rubutun Baba a kwali ɓera ya bi ta kai ba. Na kira baduku ya ciro su ɗaya-ɗaya, ya ninke, ya ɗinke a jar fata. Kowane ɗa nawa yana da tasa, maigida yana da guda a mota, ga guda can bisa ƙofa." Ta sa hannu a wuyanta ta jawo wata 'yar laya. "Wannan mai jan rubutun ce. Na ga ita Baba ya fi ji da ita, na riƙe wa kaina."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na manta ni baƙuwa ce, na manta kazar da ke cikina ta gidan ce. Na ce, "Ninkewa? Da basilla? Kulu, kin san abin da kika yi? Abin da ubanki ya ɓata idonsa a kai, babu irinsa a duniya, kika ba baduku ya nannaɗe kamar ƙullin yaji? Ba ki da bakin tambaya? Duk Damagaram babu mai ilimin da zai ce miki kul?" Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta bari na gama sannan ta ce, "Yaya, wa zan tambaya? Yayyena suka kwashe injin suka miƙo mini abin da ba ya magana sai da inji. Na roƙi Yaya Sabi'u ya bar ni in zo in saka ko sau ɗaya in ga rubutun Baba, ya ce akwatin yana wurin Yaya Tukur. Na roƙi Yaya Tukur, ya ce in je in tambayi Sabi'u. Shekara da shekaru ina buɗe kwallar nan ina rufewa. Gadon ubana ke nan gaba ɗaya. Zuba masa ido zan yi har in mutu?"

Na koma na zauna. Fushin bai tafi ba, ya dai rasa inda zai sauka a ɗakin nan, don masu shi suna Paki da Hunkuyi.

Can ta ce, "Tunda kin sha wahalar kawo ta, kunna mini ita in gani. Rabona da ita tun ina 'yar firamare."

Aka yi sa'a akwai wuta, kuran in ji mutanen can. Na shimfiɗa zane, na jona gangar Sabi'u da akwatin Tukur da wayar da aka kwance daga wuyan tunkiya, na haɗa da talabijin. Na yi bisimilla na danna. Wallahi da ta ƙi tashi da ya fi mini sauƙi. Sai ta yi 'yar ƙararta, irin dai ta zauren Malam, allon ya yi shuɗi, akwatin ya yi gurnani yana lalube. Zanzaro bai kashe ta ba, benci bai kashe ta ba. Layi ɗaya na Larabci ya fito fari tas, ɗan ɗigo yana ƙyaftawa a ƙarshensa.

Kulu 'yar malam ce, ba ta bukatar fassara. Ta matso ta karanta a hankali, ta maimaita da Hausa: "Saka faifan tashi."

Sannan ta cire layar daga wuyanta, ta kai ta bakin akwatin, ta ga ko kusa ba za ta shiga ba. Ta juyo gare ni.

"Yaya, in an farke aka miƙe ta da dutsen guga fa?"

Na girgiza kai.

Ta ce, "Ke nan ni na kashe ta."

Duk masifar da na ƙunso tun daga Paki, a nan ta ƙare mini. Na ce, "Ba ke ba ce, Kulu. Tun ranar rabo aka yanka ta, ke rabonki kawai aka miƙo miki." Na karɓi layar na mayar mata a wuya da hannuna, na ɗaure.

Na kai hannu zan kashe, ta riƙe ni. Ta ce in bar ta tukuna. Muka zauna mu biyu a kan tabarma har aka kira magariba, injin yana ta tambayar faifansa, faifan yana rataye a ƙirjin Kulu.